Yadda Ake Jera Bayanai da Tace Su a Excel Ba Tare da An Hargitsa Rajista Ba

Rajista mai layi talatin ido ma ya isa ya karance ta. Amma idan ta kai layi ɗari takwas, shugaba ya ce a fito masa da mutanen Bichi da ba su gama biya ba, a fara da wanda bashinsa ya fi yawa, to bin layi da yatsa ba zai kai ka ba. Excel yana da kayan aiki biyu na wannan: jerawa, wadda a allon aka rubuta Sort, da tacewa, wadda aka rubuta Filter. Dukansu suna ƙarƙashin Data a saman allo.

Bambancinsu shi ne farkon abin da za ka riƙe. Tacewa ɓoyewa kawai take yi: layukan da ba ka nema ba suna nan daram, ka cire matacin su dawo. Jerawa kuwa ɗaga layuka take yi ta sauya musu mazauni, kuma da zarar ka adana ka rufe fayil, Ctrl+Z ba zai ƙara dawo maka da tsarin farko ba. Yawancin ɓarnar da ake yi wa rajista daga nan take fitowa.

Misalin da za mu bi shi ne rajistar ƙungiyar manoma da ta raba taki bashi, mutum 800. Kowane layi na kwance mutum ɗaya ne. Ginshiƙai, wato layukan tsaye masu harafi a kai, takwas ne: A Lamba, B Suna, C Gari, D Waya, E Buhu, F Saura, G Rana, H Matsayi. Kowane ɗan akwati da layi da ginshiƙi suka haɗu za mu kira shi gida. Taken ginshiƙai yana layi na 1, bayanai daga layi na 2 zuwa na 801.

Gyaran da ake yi kafin a danna komai

Da farko yi kwafin shafin. Danna ɓangaren dama na linzami a kan sunan shafin a ƙasa, zaɓi Move or Copy, sa alama a Create a copy. Aikin daƙiƙa biyar ne.

Na biyu, ka tabbata akwai ginshiƙin lamba, 1 zuwa 800, kuma lambobi ne zalla, ba lissafi ba. Rubuta 1 a A2 da 2 a A3, zaɓe su biyun, ka danna ɗan ɗigon da ke kusurwar ƙasa ta dama sau biyu, zai cike har ƙasa. Wannan ginshiƙi shi ne hanyarka ta komawa gida: duk yadda ka jujjuya rajistar, jerawa da A tana dawo da ita yadda aka fara shigar da ita. Idan an yi lambobin da lissafi irin =A2+1 ko =ROW()-1, ba su da amfani a nan, domin za su sake lissafa kansu bayan jerawa. Kwafe su ka manna da Paste Special, Values.

Na uku, layukan da babu komai. Idan ka ajiye linzami a gida ɗaya ka ce a jera, Excel da kansa yake ƙiyasta iyakar rajistar, kuma yana tsayawa ne a layi ko ginshiƙin farko da ya tarar fanko gaba ɗaya. Idan wani ya bar layi na 312 babu komai don ya raba shigarwar wata da wata, to layi 310 na sama kaɗai za a jera, sauran ko a jikinsu. Gwajin mai sauƙi ne: danna gida ɗaya a ciki, ka danna Ctrl+A sau ɗaya, ka duba inda inuwar ta tsaya. In ba ta kai 801 ba, ko ba ta kai H ba, akwai giɓi. Goge shi.

Na huɗu, gidajen da aka haɗe. Masu buga rajista suna son su rubuta Bichi sau ɗaya a babban gida da ya rufe layi arba'in. A takarda yana da kyau, amma a wurin Excel layin farko ne kaɗai yake da Bichi, sauran 39 fanko ne. Jerawa za ta ƙi, ta ce sai gidajen da aka haɗe sun zama girmansu ɗaya. Tacewa kuwa ba za ta yi ƙorafi ba, sai ta nuna maka mutum ɗaya a Bichi, wanda ya fi muni. Gyaran:

1. Zaɓi C2 zuwa C801, je Home, buɗe kibiyar Merge & Center, zaɓi Unmerge Cells.
2. Ba tare da ka cire zaɓin ba danna F5, sai Special, sai Blanks, sai OK.
3. Rubuta alamar = ka danna kibiyar sama ta kibod sau ɗaya, sannan Ctrl+Enter. Kowane gida fanko zai ɗauki abin da ke samansa.
4. Kwafe ginshiƙin ka manna shi a wurinsa da Values. Kada ka tsallake wannan, in ba haka ba jerawar farko za ta sauya wa mutane gari.

Layin jimla da ke manne a ƙasa shi ma cire shi. Idan ka jera Saura daga babba zuwa ƙarami, jimlar ita ce mafi girma, sai ka gan ta a sama tana zaune kamar manomi.

Da ka gama, mai da rajistar tebur: danna gida ɗaya, Ctrl+T, ka tabbata akwai alama a My table has headers, OK. Amfanin tebur shi ne Excel ya daina ƙiyasi. Ya san iyakarsa, yana faɗaɗa da kansa in ka ƙara mutum a ƙasa, kuma kibiyoyin tacewa suna fitowa a kan kowane take. A Table Design, wurin Table Name, sa masa suna Rajista, za mu buƙace shi can gaba.

Jerawa

Don jerawa da ginshiƙi ɗaya, danna gida ɗaya tak a cikinsa, misali F5, ka je Data ka danna maɓallin A zuwa Z don ƙarami zuwa babba, ko Z zuwa A don akasin haka. Gida ɗaya, ba ginshiƙin duka ba.

Ga dalili. A rajistar da ba a mai da ita tebur ba, idan ka danna harafin F ka zaɓi ginshiƙin gaba ɗaya, akwatin gargaɗi zai fito da zaɓi biyu: Expand the selection da Continue with the current selection. Na farko yana tafiya da layin duka. Na biyu yana jera kuɗin kaɗai ya bar sunaye a inda suke. A ce Sani yana layi na 2 da saura 12,000, Hadiza a na 3 da 60,000, Garba a na 4 babu ko kwabo. Ka zaɓi na biyu ka jera daga babba: yanzu Sani ne ake bi 60,000, Hadiza 12,000. Babu jan rubutu, babu alamar kuskure, jimla ma ba ta canza ba, don haka ba wanda zai lura sai ranar karɓar kuɗi. Kuma in ka zaɓi ginshiƙai biyu ko uku daga cikin takwas, sau da yawa ko gargaɗin ba ya fitowa. In ka ankara nan take, Ctrl+Z. In sai bayan an adana an rufe, kwafin nan da ka yi shi ne zai cece ka.

Jerawa hawa-hawa kuma, wato gari da gari, a cikin kowane gari mai bashi da yawa a sama, masu bashi ɗaya kuma bisa suna:

1. Danna gida ɗaya, je Data, danna babban maɓallin Sort.
2. Duba kusurwar dama ta sama. A rajistar da ba tebur ba, in babu alama a My data has headers, sa ta, in ba haka ba layin take zai nutse cikin sunaye.
3. A Sort by zaɓi Gari, Order A to Z.
4. Danna Add Level, a Then by zaɓi Saura, Order Largest to Smallest.
5. Add Level kuma, zaɓi Suna, A to Z, sannan OK.

Hawa na sama shi ne mai iko, na ƙasa ba ya magana sai an yi kunnen doki a na samansa. Kibiyoyin da ke cikin akwatin suna ɗaga hawa ko sauke shi. Tsofaffin Excel hawa uku kawai suke karɓa, daga na 2007 ne aka kai shi 64, ko da yake da wuya aikin ofis ya wuce huɗu.

Ginshiƙin Matsayi yana da kalmomi uku: Bai biya ba, Ya rage, Ya biya. Bisa harafi Ya biya zai riga Ya rage, alhali kai so kake waɗanda suka gama su koma ƙarshe. Haka watanni: in an rubuta su da Hausa, Excel zai ba ka Afrilu, Agusta, Disamba, Fabrairu, ranaku kuma Alhamis, Asabar, Juma'a, Lahadi. Maganin shi ne ka koya masa naka tsarin. A akwatin Sort buɗe Order, zaɓi Custom List, a ɓangaren List entries rubuta kalmomin ɗaya a kowane layi yadda kake so su biyo, danna Add, sai OK. Rubutun dole ya yi daidai da na cikin rajista harafi da harafi.

Ana iya jerawa da launi ma: a Sort On zaɓi Cell Color, ka ce ja ya hau sama. Yana aiki, amma launi ba wurin ajiye bayani ba ne. In ja yana nufin bai biya ba, a rubuta hakan a ginshiƙi.

Idan jerawar ta fito a karkace

Kusan kullum laifin ba na jerawa ba ne, abin da ke cikin gidan ne ba abin da ido yake gani ba. Daga ƙarami zuwa babba, Excel yana sa lambobi a gaba, rubutu ya biyo. Gidajen fanko kuwa kullum ƙarshe suke, ko ta wane ɓangare ka jera.

Lambar da ta zama rubutu. Wanda ya rubuta N45,000 ko buhu 5, rubutu ya shigar. Haka lambobin da aka kwafo daga intanet ko daga wata manhaja. Alamarsu: suna jingine hagu maimakon dama, wani lokaci da ɗan koren alwatika a kusurwa. Rubutu kuwa harafi-harafi ake jera shi, shi ya sa 100 yake riga 25, domin 1 ya riga 2. Don ka san yawansu, rubuta =COUNTA(F2:F801)-COUNT(F2:F801) a wani wuri. In amsar ba sifili ba ce, adadin gidajen da suka lalace ke nan. Cire harafin N da Ctrl+H bayan ka zaɓi ginshiƙin F kaɗai, sannan je Data, Text to Columns, ka danna Finish kai tsaye. Alamar Naira a sa ta ta Format Cells, ba da hannu ba.

Akwai kuma akasinsa: abin da ya kamata ya zauna rubutu. Lambar waya da ta fara da 080, da lambar asusun banki mai lamba goma da ta fara da sifili, Excel zai cinye sifilin gaban in ya ɗauke su lamba. Mai da ginshiƙin Text kafin a fara shigarwa. Duk lambar da ta wuce guda 15 ma haka, domin abin da ya haura 15 sifili yake komawa, kuma ba ya dawowa.

Lambar shaida mai harafi. M1, M2, M10, M100 za su fito M1, M10, M100, M2. Cike su da sifili tun farko: M001, M002, M010.

Kwanan wata. Wannan shi ya fi wahalar da mutane. A wurin Excel kwanan wata lamba ce da ake ƙirgawa daga 1 ga Janairu 1900, har 1 ga Janairu 2024 ta zama 45292. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da saitin Amurka, inda wata yake riga rana. A irin wannan kwamfuta, 25/03/2024 ba ta da ma'ana tunda babu wata na 25, sai ya ajiye ta rubutu. Amma 04/03/2024, wadda kai kake nufin 4 ga Maris, zai karɓe ta hannu bibbiyu a matsayin 3 ga Afrilu. Ginshiƙi ɗaya, rabi rubutu, rabi ranar ƙarya. Buɗe kibiyar tacewa ta G ka gani: ranakun gaske suna taruwa ƙarƙashin shekara da wata, na bogi suna zube ɗaya-ɗaya a ƙasa. Gyara saitin Region na Windows zuwa tsarin da rana take gaba, irin na Ingila, sannan ka zaɓi ginshiƙin, Text to Columns, Next sau biyu, zaɓi Date da DMY, Finish. Bayan haka ɗauki rajistar takarda ka gwada duk ranakun da ba su wuce 12 ga wata ba, domin su ne masu juyewa shiru.

Sarari a gaban kalma ko bayanta. Bichi da Bichi mai sarari a gaba abu biyu ne, kuma mai sararin zai haye saman jeri. A sabon ginshiƙi rubuta =TRIM(C2), cike ƙasa, manna Values a kan C. In ya ƙi, sararin nan ne na shafukan intanet: =TRIM(SUBSTITUTE(C2,CHAR(160)," ")).

Sai abin da ya shafi rubutun Hausa. Ɗambatta, Dambatta, Danbatta da D'ambatta gari huɗu ne a idon kwamfuta, kuma neman Danladi ba zai kawo Ɗanladi ba. A zaɓi rubutu ɗaya a tsaya a kai. In kana son sunaye su zauna da lanƙwasarsu amma a jera su tare da 'yan uwansu, yi ginshiƙin taimako da =SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(B2,"Ɗ","D"),"ɗ","d"), ka ƙara na ƙ da ɓ haka, ka jera da shi. Kalmar da ta fara da waƙafin sama, irin 'Yankaba, ita ma tana da tarko: Excel yana ɗaukar waƙafin farko a matsayin umarnin cewa abin da ke biye rubutu ne, sai ya ɓoye shi ya nuna Yankaba. Buga waƙafin sau biyu, ɗaya zai fito. Laƙabi kuma a ba shi nasa ginshiƙi. In ba haka ba, rabin rajistar za ta taru a A da M da H, Alhazai da Malamai da Hajiyoyi, neman Alhaji Usman a U ya zama aikin banza.

Abu na ƙarshe a nan: lissafin da yake leƙen layin sama, kamar jimla mai tafiya =I2+F3, ba ya jure jerawa. Lissafin da bai fita daga layinsa ba lafiya lau. Na farkon a daskarar da shi da Values kafin a jera.

Tacewa

In ka yi tebur, kibiyoyin suna nan. In ba ka yi ba, danna gida ɗaya ka danna Ctrl+Shift+L. Sake dannawa yana cire su ya dawo da komai. Da kibod, tsaya a kan take ka danna Alt da kibiyar ƙasa.

Don buƙatar shugaba:

1. Buɗe kibiyar Gari, cire alama a Select All, sa ta a Bichi, OK.
2. Buɗe kibiyar Matsayi, cire alama a Ya biya kaɗai, OK.
3. Buɗe kibiyar Saura, zaɓi Sort Largest to Smallest.

Abu uku suke nuna cewa akwai mataci a kunne: lambobin layi na hagu sun koma shuɗi suna tsallake, kibiyar ta koma hoton mazurari, a ƙasan allo kuma an rubuta adadin da aka samu cikin 800. Duk wanda ya buɗe fayil ya ga mutane sun ɓace, ya fara duba waɗannan kafin hankalinsa ya tashi. Data, Clear yana sakin duka lokaci ɗaya.

Matatai a ginshiƙai daban-daban haɗuwa suke yi: Bichi kuma bai biya ba. Alamomi da yawa a ginshiƙi ɗaya kuwa ko ne: Bichi ko Rano. Kuma jerin da kibiya take nunawa na layukan da suka rage ne. In ka buɗe Gari ba ka ga Gwarzo ba, wataƙila wani matacin ne a wani ginshiƙi ya riga ya ɓoye mutanensa. Wannan jerin, wanda yake ɗaukar abubuwa mabambanta har 10,000, shi ne kuma madubin da ya fi saurin tona kuskuren rubutu. Karanta shi daga sama har ƙasa sau ɗaya kafin ka amince da kowace amsa. Blanks a can ƙasa yana fito da waɗanda aka manta ba a cike musu ba.

Akwatin Search da ke cikin kibiyar ya fi sa alama sauri. Rubuta Dawakin, zai kawo Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. In kana son ƙara Rano a kansu, sake buɗewa, rubuta Rano, sa alama a Add current selection to filter kafin OK, in ba haka ba sabon zai kori tsohon. Alamar tauraro tana tsayawa a madadin harufa ko nawa ne, alamar tambaya kuma harafi ɗaya. Rabi*u zai kamo Rabiu da Rabi'u, har da wanda aka buga da lanƙwasasshen waƙafi na waya. M*h*m*d zai kamo Muhammad, Muhammadu da Mohammed, amma zai jawo Mahmud, kuma zai bar Moh'd a baya. Ka duba abin da ya kamo kafin ka danna OK.

Sama da akwatin neman akwai zaɓin da yake sauyawa bisa abin da ya fi yawa a ginshiƙin: Text Filters, Number Filters ko Date Filters. In ka buɗe Saura ka ga Text Filters, lambobinka sun zama rubutu, koma baya ka gyara. A Number Filters, Greater Than da Between su ne na kullum, kuma Between yana haɗawa da iyakokin biyu. Top 10 ba dole goma ba ne, kana iya mai da shi 25 ko kashi cikin ɗari. Sai dai a kula: Top 10 da Above Average daga ginshiƙin duka suke lissafi, ba daga abin da ka tace ba. Ka tace Bichi ka nemi goma na sama, abin da za ka gani shi ne 'yan Bichin da suka shiga goman ƙungiya duka, wataƙila biyu, wataƙila babu. In goman Bichi kake so, jera daga babba ka ƙirga goma.

Mataci ba ya sabunta kansa. Ka sauya wani daga Bai biya ba zuwa Ya biya, zai ci gaba da zama a gabanka har sai ka danna Reapply, ko Ctrl+Alt+L. Jerawa kuma, in an yi ta a kan abin da aka tace, layukan da ake gani kaɗai take motsawa.

Ɓoyewar tana cin layin ne daga bango zuwa bango. Duk abin da ka ajiye a gefen rajista, a ginshiƙin K ko L, zai ɓace tare da layinsa. Taƙaitawa da sauran lissafi a kai su wani shafi.

Jimla, kwafi da mannawa bayan an tace

SUM ba ruwansa da mataci, yana haɗa na ɓoye da na fili. Mai mutunta mataci shi ne =SUBTOTAL(9,F2:F801). In ka sa 109 a madadin 9, har layukan da aka ɓoye da hannu zai tsallake. Don ƙirga mutane, =SUBTOTAL(103,B2:B801). A tebur ba sai ka rubuta ba: Table Design, sa alama a Total Row, layin jimla zai fito a ƙasa, ba ya shiga jerawa, kuma yana bin mataci.

Kwafi daga abin da aka tace yana ɗaukar na fili kaɗai. In layukan da hannu aka ɓoye su, danna Alt da alamar ; bayan zaɓi kafin Ctrl+C.

Mannawa a ciki ita ce ramin. A ce ka tace, layukan da suke fili 5, 19 da 44. Ka kwafo sababbin kuɗi uku daga wani shafi ka manna a F5. Za su shiga 5, 6 da 7. Layi na 6 da na 7 na wasu mutane ne da suke ɓoye, an danne kuɗinsu ba ka gani ba, 19 da 44 kuma ba a taɓa su ba. Kada a manna jerin abubuwa a kan rajistar da aka tace. In abu ɗaya kake son sa wa duka, misali Ya biya, zaɓi gidajen, danna Alt da ;, rubuta kalmar, Ctrl+Enter. In kuɗi mabambanta ne, saki mataci ka jera ta yadda mutanen za su zo a manne, ko ka jawo kuɗin bisa lambar mutum da VLOOKUP, lissafin da yake nemo abu daga wani jeri.

Bugawa a firinta tana fitar da na fili kaɗai. Tura fayil kuwa tana tafiya da komai. Wakilin Bichi da ka tura wa rajista a tace, danna ɗaya zai yi ya ga bashi da lambar wayar mutum 800. Kwafe abin da ya shafe shi zuwa sabon fayil, manna Values, ka tura wannan.

Sharaɗin da kibiya ba ta iya ɗauka

Idan aka ce a kawo duk 'yan Rano, da kuma duk wanda saurarsa ta wuce 50,000 ko daga ina yake, kibiyoyi ba za su iya ba, tunda ko ce tsakanin ginshiƙai biyu. Nan Advanced yake shigowa. A wani shafi rubuta Gari a A1 da Saura a B1, daidai da taken rajista. A A2 rubuta Rano. A B3 rubuta >50000. Abin da ke layi ɗaya kuma ne, abin da ke layi daban ko ne. Kana tsaye a wannan shafin, a gidan da babu komai, je Data, Advanced, zaɓi Copy to another location, nuna rajista a List range, A1 zuwa B3 a Criteria range, sai gidan da sakamako zai fara a Copy to. Dole a fara daga shafin da ake son sakamakon, in ba haka ba zai ƙi. Kada layi fanko ya shiga Criteria range, domin fanko yana nufin kowa ya wuce.

Mai Excel 2021 ko Microsoft 365 yana da hanyar da ba ta taɓa rajista ko kaɗan. A sabon shafi:

=SORT(FILTER(Rajista,(Rajista[Gari]="Bichi")*(Rajista[Matsayi]<>"Ya biya")),6,-1)

Tauraro tsakanin sharuɗɗa kuma ne, alamar + ko ce, 6 ginshiƙi na shida, -1 daga babba zuwa ƙarami. Sakamakon yana sabunta kansa. In ka ga #SPILL!, wani abu ya tare wurin da zai zuba, share shi. #CALC! yana nufin babu wanda ya cika sharaɗin. A Excel 2016 da 2019 waɗannan ba sa aiki, don haka a tambayi wanda za a tura wa wane yake da shi.

In maɓallan Sort da Filter sun dushe ba sa dannuwa, duba uku: fayil ɗin da aka sauko da shi yana jiran Enable Editing, ko an kulle shafin a Review, ko ka zaɓi shafuka biyu tare, wanda kalmar Group a saman taga take nunawa. Danna sunan wani shafi daban ya warware na ƙarshen.

A LibreOffice Calc, wanda kyauta ne, aikin ɗaya ne ƙarƙashin Data, da Sort da AutoFilter. Yana ma da abin da Excel ba shi da shi: a zaɓuɓɓukan Sort akwai Enable natural sort, wanda yake sa M2 ya riga M10 ba sai an cike da sifili ba. Masu aiki da Excel na Faransanci, kamar a ofisoshin Nijar, za su tarar da Données, Trier da Filtrer, SUBTOTAL ya koma SOUS.TOTAL, TRIM ya koma SUPPRESPACE, kuma a cikin lissafi alamar ; ce take raba sassa a madadin waƙafi.

Da rajistar ta tsabtatu, rufe ƙofar da dattin ya shigo. Rubuta sunayen garuruwan sau ɗaya a wani shafi, zaɓi C2 zuwa ƙasa, je Data, Data Validation, a Allow zaɓi List, a Source nuna jerin garuruwan. Yi wa Matsayi haka da kalmominsa uku. Daga nan mai shigarwa zaɓa zai yi daga kibiya, in ya buga Danbatta da hannu akwati ya fito ya ƙi karɓa. Wannan shingen bugawa kaɗai yake tarewa, abin da aka kwafo aka manna yana tsallake shi, don haka duk ranar da aka zuba sababbin sunaye daga wani fayil, a sake buɗe kibiyar Gari a karanta jerin.